Laraba: tambayar Kawu

Hazo tun asuba. Daga Samaru har Kwangila masu mota da fitila suke tafiya, ƙarfe takwas na safe. Leɓena ya tsage, man kaɗanyar Inna ya ƙare.

Amma na shiga lab da farin ciki, don tantanin da na zuba jiya, siririyar ledar da ke tsakiyar fuel cell (injin da ke ba da wuta daga haidurojin), ya ɓare daga gilashi lafiya lau, bai yage ba ko kaɗan. Kalarsa ruwan zuma, ana karanta rubutu ta cikinsa. Wannan shi ne na SPEEK, wato robar PEEK da aka jiƙa a asid, da na haɗa da silikar tokar buntun shinkafa. Malam ya ɗaga shi a taga, ya juya, ya ce "to, madalla." Duk wanda ya san Malam ya san wannan babban yabo ne. Na yanka biyu, rabi na jiƙa a ruwa, rabi na bari a kan benci da gangan in ga yadda iskarmu za ta yi da shi. Kafin azahar na bencin ya nannaɗe gefe, ya yi ƙarau. Na'urar auna laima da ke bango ba ta kai kashi 20 ba.

An ɗauke wuta ƙarfe ɗaya, tanda ta huce, aikin yamma ya tashi.

Sai na wuce Sabon Gari kai wa Kawu saƙon Inna. Na same shi ya kwance wani janareto, hannu duk baƙin mai, yara na wanke kafireto da fetur. Ya ga ambulan a aljihuna ya ce, "Injiniya, yau kuma me ka dafa?" Na miƙa masa busasshen. Ya goge hannu da tsumma, ya karɓa da yatsu biyu, ya ɗan lanƙwasa, sai ji muka yi ƙas, ya tsage.

Ya ce, "Wannan ledar ce za ta raba mu da janareto?"

Na zauna kan benci na yi masa bayani yadda zan iya. Na ce Kawu, batirin da ka sani ajiyar wuta yake yi, in ta ƙare sai caji. Injin da ake sa wa wannan tantanin kuwa muddin ana ba shi haidurojin yana ta ba da wuta. Haidurojin na shiga ta gefe ɗaya, ya taɓa garin filatinam, ya rabu gida biyu: ilaktaron da furoton. Ilaktaron ya bi waya ya kunna maka ƙwai. Furoton kuma ba shi da hanya sai ta cikin wannan tantanin, ya ratsa ya je ɗaya gefen ya haɗu da iskar oksijin. Abin da ke fita ƙarshe ruwa ne.

"Ruwa? Ba hayaƙi?"

"Ruwa, Kawu."

"To me ya same shi ya tsage haka?"

Na ce bushewa. Na ce furoton ba ya tafiya sai tantanin na jiƙe, domin daga ƙwayar ruwa zuwa ƙwayar ruwa ake miƙa shi, kamar yadda leburori ke miƙa kwanon kankare hannu da hannu ranar zuba dakin. In layin ya yanke, aiki ya tsaya.

Ya yi shiru yana kallon gutsuren a tafinsa. Can ya ce, "Ɗan nan, ban gane ba. Inji yana haifar ruwa da kansa, kuma ƙishirwa ke kashe shi?"

Wannan maganar ce ta hana ni sakat har yanzu da nake rubutu. Na ba shi amsa, kuma amsar daidai ce: ruwan a gefen iska ake haifarsa, shi kuwa furoton duk sanda zai ratsa sai ya ja ruwa ya tafi da shi, daga gefen haidurojin zuwa can. Sai gefe ɗaya ya bushe, ɗaya ya cika har ruwa ya toshe wa iska hanya. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe matsalar rabo ce." Ya koma kan janaretonsa. Ni kuma na hau mashin ina ta juya abin.

Domin kusan duk lambobin da muke bi, a jiƙe aka auna su. Tantanin Nafion, wanda Walther Grot ya samar a kamfanin DuPont a shekarun 1960, shi ne ma'aunin kowa har gobe: ƙarfin kai furotonsa kusan 0.1 S/cm ne in ya ƙoshi da ruwa, a zafin da bai wuce digiri 80 ba. Rage masa laima, lambar ta faɗi warwas. SPEEK ɗinmu ya fi shi jin jiki in an bushe, ga shi da wuyar sha'ani: ka bar PEEK ya daɗe a asid don ya ƙara kai furoton, sai ya sha ruwa ya kumbura, a ruwan zafi ma ya narke, ka cire shi da wuri, ya yi ƙarfi amma ba ya kai komai. Silikar da nake sakawa don ta riƙe ruwa ce, amma ita ma in ta yi yawa tantanin ya yi gautsi. Ni ma gobe da na jiƙan zan auna, don haka ake yi, kuma wannan lambar za a fara nema a takarda. Amma shagon Kawu ba a jiƙe yake ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar garin nan ba ta san laima ba, ga ƙura. Injin da za a ajiye a nan wannan iskar zai shaƙa.

Ba wai ba a yi komai a kai ba. Toyota ta fitar da Mirai, motarta mai aiki da haidurojin, a 2014 ba tare da na'urar jiƙa iska ta waje ba. Sun sirantar da tantanin yadda ruwan da aka haifa zai riƙa komowa baya da kansa. Akwai kuma tantanin robar PBI mai asid ɗin fosfarik, wanda aka fara a jami'ar Case Western ta Amurka a shekarun 1990, yana aiki a digiri 160 ba ruwansa da ruwa, sai dai asid ɗin na tsiyayewa a hankali, kuma sai an ɗumama shi kafin ya tashi. Na san waɗannan duka, na rubuta su a babi na biyu na kundin bincikena. Abin da ya dame ni shi ne mutumin da bai taɓa jin sunan Nafion ba, cikin minti biyar ya sa yatsa daidai inda ciwon yake, saboda shi tunaninsa a kan inda injin zai zauna yake.

Kafin in tafi ya ce, "In kun gama ku kawo shi nan a watan Maris, mu gani." Da gaske yake. Har ya nuna min kusurwar da zai share.

Gida. Tuwon masara miyar kuka. Auta ta ci jarrabawar lissafi, ta hana kowa sukuni da takardar.

Bayan isha na duba littafi: gishirin girki da aka narka har ya ƙoshi yana riƙe laima kashi 75 a rufaffiyar kwalba, magniziyam kulorayid 33, litiyam kulorayid 11. Ba sai da babbar na'ura ba. Gobe zan roƙi Malam ya bar ni in auna tantanin a 33 da 11 tare da na jiƙan, ko da lambar za ta yi muni a takarda. Ina jin akwai magniziyam a sito. Litiyam ɗin ne sai na tambayi mutanen cibiyar binciken sinadarai ta Basawa.