Wasiƙa daga Hiroshima: 'yan mata uku da kundin waƙoƙinsu na farko

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaishe ku daga Hiroshima ta ƙasar Japan, da fatan kowa yana lafiya.

Na san da an ambaci garin nan bom ɗin 1945 ne ke faɗo muku a rai. To amma mutanen garin suna da abin alfaharinsu na yau, ciki har da wasu mawaƙa mata uku da ake kira Perfume: A-chan da Kashiyuka da Nocchi. A wata makarantar koyon waƙa da rawa ta nan aka kafa ƙungiyar a 2000, suna 'yan firamare. Kundinsu na farko na sababbin waƙoƙi, mai suna Game, bai fito ba sai ranar 16 ga Afrilu, 2008, lokacin kowacce tana da shekara 19.

Tsakanin nan sun sha wuya. Sun koma Tokyo a 2003, aka haɗa su da makaɗi Nakata Yasutaka, mutumin da kwamfuta ce gangarsa. Waƙoƙi na fita, ciniki babu. Har takardun talla sun riƙa rabawa da hannunsu a unguwar Akihabara. Sai a 2007 kakarsu ta yanke saƙa, da aka ɗauki waƙarsu Polyrhythm don tallan wayar da kai kan sake sarrafa shara a gidan talabijin na NHK. Ku ji fa, tallan shara! Waƙar ta kai ta bakwai a jadawalin ciniki na Oricon, kundin mai waƙoƙi 12 da ya biyo baya, wato Game, kuma ya hau na ɗaya. Rabon da ƙungiya mai irin wannan kiɗan na'ura ta kai nan tun 1983, zamanin Yellow Magic Orchestra.

Abin da ya sa na ɗauko muku zancen shi ne murya. Duk wanda ya saurari Game zai ji an bi da muryoyin ta na'ura har sun yi santsi, wani lokaci ba ka bambance wacece ke rerawa. Kunnen Bahaushe ba baƙon wannan ba ne, don haka waƙoƙin fina-finanmu suke, kuma mun saba jin dattawa na cewa Auto-Tune, manhajar gyaran murya, mafakar marasa murya ce. Ni ma ina da wannan ƙorafin a kan wasu situdiyoyinmu, inda ake murɗa na'urar iri ɗaya ga kowa, kamar tela mai awo guda. Amma a nan da gangan aka yi. 'Yan matan sun iya waƙa, makarantarta suka yi, inda aka koya musu buɗe maƙogwaro. Nakata ne ya ce su sassauta, su rera a hankali ba tare da kwarmato ba, domin yana son muryar ta zauna cikin kiɗan a matsayin ɗaya daga kayan kiɗa. A tsakiyar Polyrhythm ma akwai wurin da amo daban-daban ke tafiya lokaci guda, kowanne da ƙirgensa, har mutum ya zaci faifan ne ya sarƙe. Kamfani ya so a cire, shi kuwa ya kafe, aka bar shi.

Ba duka kundin ne ya kwanta mini ba. Wasu waƙoƙin ƙarar gangarsu ta yi yawa, kai na iya sarawa idan aka jera su. Sai dai babu wadda za ka ji ka ce an yi ta ne da gaggawa don a cika faifai.

A ƙarshen 2008 suka hau dandalin Budokan na Tokyo, suka kuma fito a Kohaku, shirin waƙoƙin da NHK ke yi daren shiga sabuwar shekara. A 2011 Polyrhythm ta shiga fim ɗin Cars 2 na Amurka. Masu harkar situdiyo a Kano da Kaduna da Damagaram, ku nemi kundin ku saurara da abin kunne, ku lura da inda aka sa na'urar da inda aka janye ta.

A gaida mutanen gida. Wassalam.