Ba kullum batir ke da laifi ba

Shagona na gyaran wutar mota ne a Kano, ni da yara uku masu koyon aiki. Rewaya ake ce mana. Yawancin masu zuwa wurina sun riga sun yanke hukunci tun daga gida: "Batir ne ya mutu." Wani ma da sabon batir a but yake isowa, wai mu ɗaura masa kawai.

Abu uku ne ke riƙe da juna. Batir ya ba kik wuta, kik ya juya inji har ya kama, daga nan altaneta, wadda fanbel ke juyawa, ta karɓi ragamar, tana ciyar da fitilu da AC tana mayar wa batir abin da aka ci. Ɗaya ya gaza, alamar dai iri ɗaya ce: an murɗa makulli, mota ta ƙi tashi.

Shi ya sa nake hana yarana taɓa sifana sai sun ɗora mitar awon wuta. Batir mai lafiya da ya huta yana nuna bolt 12.6. In ya sauko 12.2, kusan rabin cajinsa ya tafi. Sai a murɗa makulli ido na kan mita. In ta faɗi ƙasa da 9.6 yayin da kik ke juyawa, batir ya gaji. Inji ya tashi kuma, muna son ganin tsakanin 13.8 da 14.5. In ta tsaya a 12, altaneta ba ta caji. In ta haura 15, regileta mai daidaita ƙarfin caji ta lalace, dafa batir take yi, har ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Kwanan baya wani Alhaji ya kawo Corolla, ya sauya batir biyu cikin wata huɗu. Kullum da safe sai an tura shi.

"Malam, batiran yanzu duk jabu ne," in ji shi.

"Alhaji, a yi haƙuri a ba ni minti goma."

Caji na shiga daidai da rana. Amma da muka kashe mota muka auna, sai ga wuta na zurarewa alhali komai a kashe. Dayod ɗaya, wato abin da ke hana wuta komawa baya, shi ne ya ƙone cikin altaneta, yana barin wuta ta koma baya, duk dare yana tsotse batir. Na aiki yaro kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa ya samo ɗan Beljiyam, kuɗinsa bai kai rabin na batir ba. Alhaji ya daɗe yana girgiza kai.

Kik kuwa sautinsa ke tona shi. Ƙaras-ƙaras da sauri, wuta ce ba ta isa. Ƙas guda ɗaya mai ƙarfi sannan shiru, a duba solonoyid, wato makunnin da ke sakar wa kik wuta, ko burushin cikin kik da ya cinye. Irin wannan ne direba ke buga wa ƙarfe ya tashi, kwana biyu ya sake ƙi. Sau da yawa ma kan batir ne ya yi farin gari, ko wayar da ta haɗa inji da jikin mota ta saki. Kik na zuƙar amfiya sama da 100, ƙaramar tsatsa ta isa ta shaƙe shi. Ruwan zafi da sanfefa sun tayar da motoci da yawa a shagon nan, kuma kunya ba ta barina in karɓi kuɗi mai yawa a kai.

Abin da ke ɓata min rai shi ne masu zare kan batir inji na aiki, wai gwajin altaneta. A zamanin Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna an sha da wannan, don babu abin ƙonewa sosai. Motar yanzu tana da kwamfuta, wutar na iya zabura ta ƙona ta nan take. Yarona ɗaya ya taɓa yi, ni na biya.

Zafin watan Afrilu ne ke kashe batir a hankali, yana ƙafar da ruwansa, sai sanyin hunturu ya zo ya fallasa shi da asuba. Daga Disamba zuwa Janairu ba ma samun zama, tun bayan sallar asuba waya ke fara ƙara.