Godiya Bayan Baje Kolin Fitilun Gilashi

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, an buɗe baje kolin ayyukanmu na ɗaliban ajin ƙarshe lafiya. Sunana kaɗai aka rubuta a ƙarƙashin fitilun nan, alhali hannaye da yawa ne suka yi su, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ga waɗanda suka yi ta tambayar yadda aka yi fitilun: zanen da ke jikinsu daga bangon tsofaffin gidajen birnin Zariya na ɗauko, har da dagi. Na zana shi a kwamfuta, injin 3D, mai ƙera abu daga zanen kwamfuta, ya fitar da siffar da roba, muka zuba mata filasta muka samu mazubi mai ɓari biyu. A cikinsa ake hura gilashin. Ƙafafun ƙarfen kuwa injin leza ne ya yanka.

Malam mai kula da tanderu, Allah ya saka da alheri. Gilashi na narkewa ne a zafin da ya haura digiri 1,000, kuma wanda muke amfani da shi na fasassun kwalabe ne, mai saurin sandarewa, domin don inji aka haɗa shi, ba don bakin mutum ba. Kai ka koya mini juya bututu ba tsayawa, kai kake durƙusawa gaban zafin nan ka rufe mazubi daidai lokacin da zan hura. Rigarka kan jiƙe sharkaf, ban taɓa jin ka yi tsaki ba.

Sai daren da aka ɗauke wuta. Gilashin da aka hura dole ya kwana a wani tanderun, ya fara daga wajen digiri 500 yana hucewa sannu a hankali. In ya huce da gaggawa sai ya tsage. Da safe muka tarar da mafi kyawunsu sun dare gida biyu. Yaya, kai ka ɗauko janareton shagonka a keke napep, ka bar ɗinkin mutane yana jira. Inna kuma ta sayar da tunkiyarta aka sayi gas. Ba ni da bakin gode muku.

Godiya ta musamman ga dattawan unguwar Masaga a Bida, da suka karɓe mu muka zauna gefen murhunsu na yumɓu. Da itace da zugazugi da sandar ƙarfe suke mayar da kwalba ƙarau da duwatsun wuya. A wurinsu na ga ana gane zafi da ido, daga launin gilashin kawai. Sana'a irin tasu na cikin abin da ya sa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta saka Bida a jerin biranen fasahar hannu a 2021, kuma a ganina duk ɗalibin gilashi ya kamata ya je can kafin ya taɓa kwamfuta.

Abokan karatuna da suka wanke kwalabe suka ware su launi-launi, mai walda na bakin kasuwa, yaran unguwa da suka tara mana kwalaben, da duk wanda ya zo ko ya yi addu'a daga nesa, na gode ƙwarai. Allah ya bar zumunci.

Ana ci gaba da baje kolin har ranar Juma'a. Ku zo da yara, amma a riƙe musu hannu kusa da teburan.