Hoton da ke bangon ajina

'Ya'yana, shekara goma sha biyu na yi ina koyar da fisiks a sakandare, hoton Wernher von Braun yana manne a bangon ajina. Nakan nuna shi in ce ga Bajamushen da ya miƙa wuya ga sojojin Amurka a watan Mayun 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, ya ƙaura can. Rokarsa ce ta harba Explorer 1, tauraron ɗan'adam na farko na Amurka, a 1958, kuma rokar Saturn V da ya jagoranci ƙerawa ce ta kai mutum duniyar wata a 1969. Nan nake dasa aya.

Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, kafin ya tafi Amurka, wa yake yi wa aiki?" Na ce gwamnatin ƙasarsu, na ci gaba da darasi. Tambayar ta hana ni sakat, sai na koma karatu.

Ashe ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitler a 1937, ya zama hafsan SS, rundunar musamman ta jam'iyyar, a 1940. Rokar V-2 da shi da abokan aikinsa suka tsara a Peenemünde da ke Jamus ita aka riƙa yi wa Landan da Antwerp ta ƙasar Beljiyam ruwanta daga 1944. Abin da ya fi girgiza ni shi ne inda ake haɗa ta: cikin ramuka a ƙarƙashin dutse kusa da Nordhausen, da hannun fursunonin sansanin Mittelbau-Dora, ga yunwa ga duka ga sanyi. Kimanin mutum 20,000 suka mutu a sansanin. Waɗanda suka rasu wajen ƙera ta sun fi waɗanda ta kashe inda ta faɗa. Shi kuwa ya sha shiga masana'antar, da idonsa ya gani.

Tsawon shekarun nan, ban ankara ba, ina koya wa yara cewa in dai kai gwani ne, shi ke nan. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ku da kuke karatun injiniya da kwamfuta, in an kira ku aiki, kafin maganar albashi ku tambayi wa zai amfana, kuma guminsu wa za a matsa. In wani ya burge ku, ku bi tarihinsa har shekarun da ba a cika faɗa ba.

Hoton dai ban cire shi ba. Na rubuta "Dora, 20,000" a ƙasansa, na kira ɗalibar gaban aji, na ba ta haƙuri, sannan na ba ta amsar tambayarta.