Wasiƙa daga Wales: gidan mai shinge da ciyawa ta cinye

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya haƙuri da mu?

A kudu maso yammacin Wales, can ɓangaren Carmarthen inda nake zaune, akwai wani ɗan gidan dutse a bakin titi, dab da kwalta, har babbar mota in ta wuce sai ta watsa masa ruwa a bango. An toshe tagoginsa da katako, rufin ya lotsa, ciyawa mai yaɗo ta haye har kan bututun hayaƙi. Gabansa ba a miƙe yake ba, ya turo ƙirji cikin hanya da taga ta kowace fuska, don na ciki ya hango mai tahowa ta gabas ko ta yamma. Saman ƙofa akwai gurbi inda a da aka kafa allon farashi: doki kaza, keken doki kaza, garken tumaki kaza. Gidan mai karɓar kuɗin hanya ne.

Tun 1663 majalisar dokokin Ingila ta fara ba da izinin kafa shinge a karɓi kuɗi don gyaran hanya. Daga baya aka damƙa aikin ga kwamitocin amintattu, galibi masu gonaki da attajirai. Su kuma sai su yi gwanjon shingayen, ɗan kwangila ya saya, ya sa mai gadi da iyalinsa a irin wannan ɗan gida, dare da rana yana buɗewa yana rufewa. To wanda ya sayi shinge da tsada, ai kun san a jikin wa zai fanshe.

A jikin ƙananan manoma ne. Ƙasar nan sai an zuba mata farar ƙasa kafin ta ba da amfani, kuma ɗaukowa ake yi daga nesa a amalanke. Kafin manomi ya kai gona ya biya a shinge fiye da ɗaya, ga kuɗin hayar gona, ga damina ta ƙi kyau shekaru a jere. A watan Mayun 1839 mutane suka farfasa shingen Efailwen. Maza ne, amma sun sa tufafin mata, sun shafe fuska da baƙi, suna kiran jagoransu Rebecca, sauran kuma 'ya'yanta. Abin ya lafa, ya sake tashi a 1842, ya game yankin a 1843, sai da aka turo sojoji. Yanzu ana ba da labarin kamar wasan kwaikwayo, ana dariyar ƙattai cikin siket. Ni dai ba na mantawa da Sarah Williams, tsohuwar da ke gadin shingen Hendy, wadda aka harbe a Satumban 1843. Ba ita ta yanka farashin ba. A 1844 aka yi dokar da ta haɗe kwamitocin kudancin Wales, ta rage kuɗin.

Amma jirgin ƙasa ne ya kashe sana'ar, ba gatari ba. Layin dogo ya iso Carmarthen a 1852, kaya da fasinja suka koma can. Dokar 1888 ta miƙa manyan hanyoyi ga majalisun gundumomi, shinge na ƙarshe kuma a tsibirin Anglesey aka cire shi a 1895. Gidajen aka sayar, da yawa aka rushe wajen faɗaɗa titi. Na Aberystwyth, wanda aka gina a 1771, ya yi sa'a: dutse-dutse aka kwashe shi aka sake ginawa a gidan tarihi na St Fagans kusa da Cardiff.

Namu bai samu wannan gata ba, kuma ban ga laifin mai shi sosai ba. Kusancin titi da ya sa aka gina shi, shi ya hana a zauna cikinsa yau: ɗakuna ƙanana, babu wurin ajiye mota, ƙarar tirela har asuba. Irin waɗannan gine-gine, in suna cikin rajistar kayan tarihi, doka ta hana a rushe ko a sauya su sai da izini, gyara kuma sai da kayan asali masu tsada. Sai mai gida ya naɗe hannu, hukuma ta ce ba ta da kuɗi, ruwan sama yana ta aikinsa ta inda rufi ya buɗe.

A gaishe da kowa da kowa. Sai wata wasiƙar, in Allah ya kai mu.