Daga Damagaram zuwa Jidda, awa nawa ne?

Duk wanda ya shigo ofishina a nan Damagaram don tikitin umara, bayan gaisuwa tambayarsa guda ce: "Alhaji, awa nawa za mu yi a sama?" Ni kuwa ba na ba da amsar gaggawa, domin lissafin nan shi ne sana'ar.

Tsakanin filin jirgin Diori Hamani na Yamai da filin Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kusan kilomita 4,000 a miƙe. Jirgin da bai ya da zango ba zai yi awa biyar da 'yan kai. Amma agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, shi ya sa a kan tikiti za ka ga kamar awa bakwai a tafiya, a dawowa kuma kamar uku da wani abu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma kewayawa, lokaci ya ƙaru. Kuma mu mutanen Damagaram, kafin mu ga jirgin ma akwai kusan kilomita 900 na mota, ta Maraɗi da Ƙonni da Doso. Wasu sukan gwammace Kano, da ke kusa da mu, daga can Jidda wajen kilomita 3,400 ne.

Wannan lissafi a Yamai na koye shi, wurin maigidana, zamanin tikitin takarda mai kabon, kafin a daina shi a 2008. Yakan ajiye mini jadawalin jirage ya ce in fitar da ainihin awannin tafiya da biro, ba tare da na taɓa kwamfuta ba. Sai na iya agogon Addis Ababa da na Istanbul da ka sannan ya yarda na zauna da fasinja.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne masu sayar da tikiti a waya, ba ofis ba adireshi. Su rage wa tsohuwa 'yan kuɗi, su ɗora ta kan hanyar da za ta kwana a kan kujera a filin jirgin wata ƙasa, ba ta jin yaren kowa. Ba wanda ya gaya mata inda za ta yi niyya, ga mikati ana wuce shi a sama. Sannan ɗanta ya zo yana ciniki da ni, wai can ya fi araha!

A wurinmu, kowane fasinja muna rubuta masa lokutansa da agogon gida da na Makka, da Hausa ko da ajami. Maza kuma muna gaya musu su sa haraminsu a jakar hannu, su ɗaura a zangon ƙarshe kafin shiga jirgin Jidda. In tsohuwa ce, sai mun nemo mata abokin tafiya a jirgi ɗaya kafin mu buga tikitin.