Turmin da aka ɗora wa laifi

Damina biyu ke nan da na yi ɓari, sai yau na iya zama in rubuta. Cikin wata biyu da rabi ne. Ranar na wuni ina surfen dawa, da la'asar na ga ɗigon jini, kafin isha'i marata na murɗawa kamar naƙuda. Maigida ya goya ni a babur sai asibiti, nan cikin Garwa.

Tun a tsakar gida Goggo, uwar mijina, ta yanke hukunci: "Ai na ce ki rabu da turmin nan." Wata maƙwabciya kuma ta ce iska ce, wai na tsallaka ruwan wanka da magariba. Ni ma turmin na zarga, ina kuka ina tsine wa taɓarya.

Ungozomar da ta duba ni dattijuwa ce. Bayan hoton ciki ta ce, "'Yata, share hawaye. Daka da ɗibar ruwa da kwanciyar aure ba sa zubar da lafiyayyen ciki." Ta ce a cikin mata 100 da suka san sun yi ciki, 10 zuwa 20 kan yi ɓari, galibi kafin sati 12, kuma kusan rabi daga ƙwayoyin halittar ɗan tayin ne, tun ran da ya shiga bai ƙullu daidai ba.

Akwai saura a mahaifa, aka ba ni misoprostol, maganin da ke sa mahaifa ta fitar da shi, in bai fitar ba sai wankin ciki. Alhamdu lillahi ya fitar. Ta ja min kunne: in jini na jiƙa auduga biyu cikin awa ɗaya, ko zazzaɓi, ko wari, in dawo ko tsakar dare ne.

Abin da ya sa jikina ya yi sanyi gwajin jini ne: maleriya. Ita kam tana iya jawo ɓari. Muna kusa da Binuwai, sauro kamar ya ɗauke mutum, amma gidan saurona yana naɗe cikin akwati, wai zafi.

Yanzu na sake samun ciki, kuma wannan karon da wuri na fara awo. Ina shan folik asid, an gwada mu tunjere ni da maigida, an duba sukari, kuma tun sati 13 duk wata ana ba ni Fansidar, maganin rigakafin maleriya, in haɗiye a gaban ma'aikatan asibiti. Watana bakwai yanzu. Goggo har yau ta hana ni taɓa taɓarya, ni kuwa ban yi mata gardama ba, tunda hutu na samu.